Jinin Penaluna da Sabuwar Rumfa

Shekara talatin da huɗu Clarrie Penaluna ya yi yana raba wasiƙu a garin Minyarra, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya yi wani abin a-zo-a-gani ba, in ban da ranar da karen gidan Fasto ya kora shi ya haye tankin ruwa ya yini a can. Amma baki kam Allah ya ba shi. In Clarrie ya fara ba ka labarin kifin da ya kama, kafin ya kai ƙarshe kifin ya fi kwalekwalen tsawo.

Abin ya samo asali ne daga ɗakin karatu na gari. Ruwan sama ne ya koro shi ciki, ya cika wurin da surutu, sai mai kula da ɗakin ta zaunar da shi gaban kwamfuta don ta samu lafiya, ta ce ya rubuta sunansa ya ga abin da zai fito. Da ta san abin da za ta jawo mana da ba ta fara ba. Shafi guda ya buɗe, jerin mashahuran mutane tara masu suna Penaluna, daga zamanin jiragen ruwa masu filafilai har zuwa yau. Akwai Jethro gwanin askin tumaki, akwai Janar Hedley, akwai Farfesa Winifred masaniyar haɗa magunguna, ga Ada mawaƙiya, ga wani alƙali, ga wani ɗan sukuwa. Clarrie ya sa aka buga masa takardar, ya cusa ta cikin riga, ya nufi gida ruwa na dukansa bai ma sani ba.

"Beryl! Ajiye ludayin nan ki zo ki ga dangina!"

Beryl matarsa ta goge hannu, ta sa tabarau, ta karanta har ƙasa.

"To, wanne ne naka a ciki?"

"Dukkansu mana! Ba ki ga sunan ba?"

"Clarrie, kakanka gyaran takalmi yake yi. Takalman ma ba sa kwana biyu."

"Shi ne ya ɓoye baiwarsa. Abin a jini yake, mata. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ai kuwa na ga gudu ranar tankin ruwa," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

To, a shekarar ne aka gama ginin sabuwar rumfa a filin baje kolin gari, babba, mai jan rufi, ba ta da suna tukuna. Kwamiti ya yanke cewa gidan da ya fi kowa kwasar shuɗin ƙyalle a baje kolin bana, wato na ɗaya a kowace gasa, sunansa za a rubuta a goshin rumfar har abada. Kowa ya san gidan Haggerty ne za su ci, don su ke ci duk shekara. Shi kuwa Clarrie abin ya tsaya masa a rai ba da wasa ba. Shi kaɗai ne Penaluna namiji da ya rage a Minyarra, 'ya'yansa mata biyu sun yi aure sun ɗauki sunayen mazajensu, kuma yana jin tsoron ranar da zai mutu sunan ya bi shi rami. Yana son ya ga sunan nan da manyan baƙaƙe tun yana da rai.

Washegari ya je tantin Noeleen, sakatariyar kwamiti, ya rubuta sunansa a gasa uku: askin tumaki, korar tumaki da kare, da gasa kek.

Noeleen ta dube shi ta saman tabarau. "Ka taɓa riƙe injin aski?"

"Jethro ya riƙe."

"Kana da kare?"

"Janar Hedley soja dubu ya juya da murya kawai. Kare ɗaya ne zai gagare ni?"

Maƙwabcinsa Merv Haggerty, wanda shi ne mai riƙe lasifika ranar biki, yana jin batun kare ya leƙo ta kan shinge da fara'a har kunne. "Mutumina, in kare kake nema ga Nugget nan, na ba ka aro kyauta. Ka zo ku yi gwaji ko sau ɗaya."

"Gwaji na masu koyo ne, Merv."

"Haka ne. Allah ya kai mu Asabar."

Asabar ta zo da rana mai kyau. Tun da safe filin ya cika, ƙamshin soyayyar albasa da tsiran nama ya gauraye da warin tumaki. Clarrie ya iso da sabuwar shuɗiyar singileti irin ta masu aski, ƙirjinsa fari fat kamar na figaggiyar kaza, takardar dangi tana maƙale a ɗamararsa. Beryl tana biye da shi ɗauke da kwalaye, bai ko tambaye ta abin da ke ciki ba.

Aka fara da aski. Ka'idar kowa ya san ta: ka jawo tunkiya daga garke, ka zaunar da ita a kan gindinta tsakanin gwiwoyinka, ka cire ulun gaba ɗaya kamar riga, kuma duk yankan da ka yi mata a fata an rage maka maki. Merv ya kafa baki a lasifika.

"Jama'a, a matso kusa! Ga jikan Jethro Penaluna, ko ɗan ƙanin jikansa, ko dai mai irin sunansa! Masu yara a riƙe su!"

Clarrie ya ɗaga wa jama'a hannu, ya shiga garke, ya zaɓi tunkiyar da ta fi kowacce girma don a san da bambanci. Ya yi minti huɗu yana kokawa da ita kafin ta zauna, kuma ni a ganina gajiya da tsayuwa ta yi. Ya ja igiyar inji. Injin ya ɗauka da ƙara, hannunsa ya kama rawa, aska ta tafi zuuu daga wuyan tunkiya har wutsiya ta bar farin layi guda. Tunkiya ta ga abin ba na lafiya ba ne, ta miƙe tsaye da Clarrie a bayanta, fuskarsa na kallon wutsiya. Sai ga su sun fito ta ƙofar rumfar aski, ita tana gudu, shi yana riƙe da ulu da hannu biyu yana ihu.

"Ashe har da ɗan sukuwa a dangin!" in ji Merv. "Sai dai wancan gaba yake kallo!"

A bakin kwamin ruwan shanu ta taka birki. Clarrie bai taka ba. Da aka tsamo shi, abin da ya fara lalubawa takardarsa ce.

"Tunkiyar ce ba ta da tarbiyya," ya gaya wa Beryl yana matse singileti. "A zamanin Jethro tumaki sun san girman mutane."

"Ka sha shayi, leɓenka ya yi shuɗi."

"Janar ba ya shan shayi kafin yaƙi."

Ƙarfe goma sha ɗaya aka kira gasar karnuka. Tumaki uku ake saki a ƙarshen fili, mai kare ya tsaya jikin turke ba ya motsi, da fito kaɗai zai sa kare ya zagaya ya koro su, ya bi da su ta ƙofa, ya haye da su gada, ya shigar da su wani ɗan garke. Ka bar turke kafin tumaki su iso, an fitar da kai. Merv da kansa ya kawo Nugget ya miƙa masa igiya. Kare ya shinshina wandon Clarrie, ya ɗaga kai ya dube shi, kunnuwansa suka kwanta. Shekara shida Nugget ya yi yana haushin mutumin nan ta bayan shinge kullum safe, yau ga shi an kawo masa shi fili babu shinge.

Clarrie ya ƙame kamar soja, ya daka tsawa. "Dakaru! Hagu!"

Nugget ya zauna.

"Da fito ake yi, Janar!" wani ya ƙwala daga cikin jama'a.

Clarrie ya sa yatsu biyu a baki kamar yadda ya ga ana yi, ya cika ƙirji, ya busa iya ƙarfinsa. Fito bai fito ba, haƙoransa na roba ne suka fito, sama da ƙasa, suka tashi suka faɗi cikin ciyawa taku biyar daga turke. Kafin ya yi wani yunƙuri Nugget ya cafe su. Kare ya juyo da haƙoran mutum a baki, sai ka ce murmushi yake wa jama'a.

Nan fa Clarrie ya rasa yadda zai yi. Ya bar turke an kore shi, ya tsaya haƙora sun tafi. Ya riƙe turke da hannu ɗaya, ya miƙa ƙafa yana lallashi. "Zo nan, yaron kirki. Kawo wa Baba." Nugget ya ajiye haƙoran, ya saɗaɗo ƙasa-ƙasa yadda yake wa rago mai taurin kai, ya zagayo ta bayansa ya ɗan taɓa masa diddige. Clarrie ya manta da turke, ya manta da Janar, ya ranta a na kare. Kare ya tare shi ta dama, ya tare shi ta hagu, ya bi da shi ta ƙofar farko, ya haye da shi gada, ya cusa shi cikin ɗan garken ƙarshe, ya zauna a bakin ƙofa yana haki. Tumakin uku suna can ƙarshen fili suna cin ciyawa suna kallo.

"Minti biyu da daƙiƙa goma!" in ji Merv, muryarsa na rawa don dariya. "Nugget bai taɓa aiki mai tsabta haka ba! Alƙali, ba a ba da maki in rago ɗaya ne?"

Da aka buɗe wa Clarrie, Nugget ya riga ya tafi da haƙoran, ya binne su inda shi kaɗai ya sani. Bakin Clarrie ya lotsa ciki kamar tsohuwar jakar kuɗi, amma ko a jikinsa. Saura kek, kuma a nan ya fi sa rai, don kwana uku ya yi a kicin yana bincike irin na Farfesa Winifred. Ya lura kek ɗin mata yakan faɗa ta tsakiya, ya gano dalili: ba shi da harsashi irin na gini. Saboda haka ya rage ƙwai, ya ninka fulawa, ya bar shi a tanda awa uku don ya kafu.

Ƙarfe ɗaya mai hukunci ta iso, Misis Odgers, doguwar mace mai farar safar hannu wadda aka ɗauko daga birni. Takan juya kowane kek ta duba ƙasansa ko akwai sawun wayar da aka ɗora shi a kai ya huce, sannan ta raba shi biyu ta ɗanɗana. Ta zo kan na Beryl, wuƙa ta nutse kamar a cikin kumfa. Ta ci, ta lumshe ido, ta ɗora shuɗin ƙyalle. Ta zo kan na Clarrie, ta sa hannu ɗaya za ta juya shi, ya ƙi. Ta sa biyu. Ta ɗora wuƙa ta danna, ta hau da nauyinta, sai ji muka yi ƙas, ruwan wuƙar ya tsinke ya yi tsalle ya faɗa kwalbar zuma.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe. Kin ga bai faɗa ta tsakiya ba."

"Ko mota ta bi ta kansa ba zai faɗa ba, bawan Allah."

Wani manomi ya ɗaga hannu daga baya. "Clarrie, in ba ka so ka ba ni. Tirelata na gangarawa in na ajiye ta a tudu."

Ana cikin wannan dariya sai ga Merv ya shigo, fuskarsa ba walwala a karon farko. Ya je ya leƙo lissafin Noeleen. "Kai tsohon banza," ya ce, "ka yi sa'a. Haggerty shida, Penaluna bakwai."

Clarrie ya yi tsuru. "Bakwai?"

"Kek, jam na 'ya'yan itace kala biyu, burodi, bargon saƙa, ƙwai, furanni. Duk na Beryl. Kai ko ƙyallen share hanci ba ka samo ba."

Wayyo, da a nan Clarrie ya yi shiru, ko ya juya ya ce wa matarsa sannu da aiki, da shi ke nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya turo ƙirji, ya zaro jiƙaƙƙiyar takardarsa, ya kaɗa ta a iska.

"Ba na gaya muku ba? Sunan ne ya yi aiki! Ku dubi Beryl. Da na auro ta Zerna ce, wa ya san wasu Zerna? Ubanta kabeji yake nomawa a bayan tasha. Aron suna na ba ta, shekara arba'in tana goga kafaɗa da jinin Penaluna, ga shi har ta ɗan shafa. In mai aro ta ci bakwai, ina ga mai abin?"

Matan da ke wurin suka dubi juna. Beryl ta cire tabarau ta goge ta mayar. Clarrie ya riga ya juya yana karɓar gaisuwar da ba wanda ya yi masa, bai ga ta nufi tantin Noeleen ba. Mu mun gani. Mun kuma ji ta ce, "Noeleen, ƙarfe nawa ake rufe gyaran suna?" Noeleen ta ce ƙarfe uku, kuma ita tun suna makaranta da wani suna ta san ta. Ta miƙo mata katuna bakwai da biro.

Ƙarfe uku da rabi aka yi zagayen dabbobi. Shanu, dawakai, awaki da tumakin da suka ci gasa suka jeru a fili da ƙyallayensu, magajin gari ya hau dandamali gaban sabuwar rumfa. Kafin Noeleen ta buɗe takardarta, Clarrie ya haye ya fizge lasifika daga hannun Merv.

"Jama'ar Minyarra! A madadin Jethro, da Janar, da Farfesa, da sauran 'yan uwana da ba su samu zuwa ba..."

"Sun mutu, Clarrie!"

"...na karɓi wannan rumfa. Kuma tun da Ada Penaluna ta yi wa sarakuna waƙa, ni ma ga tukuicina."

"Merv, karɓe abin nan!" in ji magajin gari.

"Bar shi, ranka ya daɗe. Ni dai na riga na sha kashi, bari in more."

Clarrie ya buɗe bakin nan da ba haƙori ko ɗaya, ya saki murya. Ban san sunan waƙar ba, kuma na tabbata mai ita ma ba zai gane ta ba. Lasifika ta yi ƙara, jakuna biyu na hawan yara suka amsa masa. Sai babban bijimin da ya ci na ɗaya ya ga ya isa haka, ya fizge igiya ya yi gaba, ya bi ta ƙarƙashin igiyar tutoci ya kwaso su duka a ƙaho. Awaki suka watse cikin masu kaɗe-kaɗe, mai babbar ganga ya faɗa kan mai ƙaho, magajin gari ya tsinci kansa a kan rufin motar sayar da askirim bai san yadda ya hau ba. Clarrie ido rufe, hannu a ƙirji, ya ɗauka ihun duk tafi ne, sai da ya kai baiti na uku Noeleen ta cire wayar daga soket.

Da ƙura ta lafa aka kama bijimi, ta mayar da wayar, ta gyara murya.

"Sakamako. Gidan Haggerty, shuɗin ƙyalle shida."

Clarrie ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu tun kafin a kira shi.

"Gidan Zerna, bakwai. Gidan Penaluna, babu."

Hannun ya tsaya a sama. "Noeleen, kin yi kuskure. Babu wasu Zerna a garin nan."

"Akwai ɗaya," in ji Beryl daga ƙasa. Ta hau matakala a hankali tana riƙe da jakarta. "Na dawo maka da kayan aronka, Clarrie, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Babana bai haifi namiji ba, shekara ashirin ke nan da rasuwarsa ban ji an ambaci sunansa a garin nan ba sai yau, a bakinka. Kabejinsa kuwa shi ka ci a gidanmu har shekara biyu kana neman aurena, kana ƙari."

Filin ya ɗauka da tafi da fito. Merv, wanda aka kayar da ƙyalle ɗaya tak, ya fi kowa ihu, har ya jefa hularsa sama. Magajin gari ya sauko daga kan mota ya sanar cewa daga yau sunanta Rumfar Zerna. Beryl ta tsaya tana kallon goshin rumfar inda za a yi rubutun, idanunta suka ciko, ta sa gefen hannu ta share.

Clarrie ya sauke hannunsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a kan tankin ruwa. Ya dubi takardarsa, ruwa ya narkar da tawadar, mashahuran tara sun zama shuɗin tabo guda. Ya daɗe yana kallonta. Can sai ya matsa kusa da Noeleen ya yi ƙasa da murya, ya manta lasifika tana kunne a gabanta.

"Noeleen, tsakaninmu. A dokar ƙasar nan, miji yana iya ɗaukar sunan matarsa?"

Duk filin ya ji. Har masu sayar da tsiran nama suka bar wuta suka riƙe ciki.

Beryl ta dube shi daga sama har ƙasa, jiƙaƙƙen wando, ulu a gashi, baki a lotse. Dariya ta so ƙwace mata, ta danne.

"Mu Zerna ba ma ɗaukar kowa da kowa. Ka kawo ƙyalle ko ɗaya baɗi, ko na uku ne, sai mu duba."

Ta ɗora masa kwalayenta a hannu har suka rufe masa fuska, ta yi gaba. Ya bi ta a baya yana laluben hanya da ƙafa, yana tambayarta ta bayan kwali ko akwai gasar da ba dabba a ciki.